Takardar da Ta Fi Bindiga Nauyi: Abubuwan Mamaki Daga Malkohi Zuwa Washinton

Duk wanda ya zauna a Jimeta a ƙarshen 2014 ba zai manta da ƙarar jiragen yaƙi ba. Su tashi daga filin jirgin Yola, tagogi na karkarwa, su nufi arewa. A ƙasa kuwa motoci ne ke kwararowa daga hanyar Mubi, an yi musu lodin katifu da tukwane, tsofaffi da yara a sama, wasu ma da ƙafa suka iso, ƙafafun sun kumbura. Da yawansu a Malkohi suka yada zango, can gefen Yola, wasu a sansani, wasu cikin ƙauyen: mutanen Gwoza, Madagali da Michika. Tambayar da ke bakin kowa a lokacin ita ce, ina makaman sojojinmu? Amsar tana da rassa da yawa, amma akwai reshe ɗaya da ba a cika waiwayarsa ba, wato takarda. Makami ba ya tsallaka iyaka ta halal sai gwamnatin ƙasar da ta ƙera shi ta sa hannu. Ga abin da wannan sa hannun ya yi mana, da abin da rashinsa ya yi.

Jirgin Isra'ila, izinin Amurka

A tsakiyar 2014 Najeriya ta nemi sayen jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. Kwance ne, Isra'ila ta riga ta jingine su. Mai saye ya yarda, mai sayarwa ya yarda, amma ciniki bai faɗa ba, domin ƙirar Amurka ne. Ƙa'idar Amurka ita ce, makamin da ta sayar maka ba ka da ikon miƙa shi ga wani sai ka koma ka nemi izininta, ko da ya shekara talatin a hannunka. Kamar ka sayi babur a Jimeta, ka more shi har ya tsufa, ranar da za ka sayar wa maƙwabcinka a ce maka sai kamfani ya yarda. Gwamnatin Obama ta hana, ta ce tana shakkar ko Najeriya za ta iya sarrafa jiragen da kula da su, kuma tana da damuwa game da yadda sojoji ke mu'amala da farar hula. Ranar 29 ga Oktoba Mubi ta faɗi, 'yan Boko Haram suka sauya mata suna zuwa Madinatul Islam. A Nuwamba jakadan Najeriya a Amurka, Adebowale Adefuye, ya fito fili ya koka, ba a jima ba kuma Najeriya ta dakatar da horon da sojojin Amurka ke bai wa wata bataliya. A shekarar da ta biyo baya aka ji cewa Isra'ila ta bai wa Jodan irin waɗannan jiragen guda 16, Amurka kuma ta amince.

Ba zan ce Cobra ce za ta hana Mubi faɗuwa ba, jirgi yana buƙatar matuƙi da makanike da watanni na horo. Kuma damuwar Amurkawan ba ƙage ba ce, mutanen Baga sun san abin da ya same su a Afrilun 2013, mutanen Maiduguri sun san abin da ya biyo bayan harin barikin Giwa a Maris ɗin 2014. Amma uwar da ta kwana a daji da goyo a bayanta tana neman hanyar Yola ba ta yi wa kowa laifi ba. Gaba kura, baya sayaki.

Akwai wani tsohon ɗan majalisar dattawan Amurka da masu sauraron rediyo a Arewa suka haddace sunansa ba tare da sun taɓa ganin hotonsa ba: Patrick Leahy, daga Vermont, jihar da mutanenta ba su kai dubu 700 ba. Dokar da ke ɗauke da sunansa, ta 1997, ta hana Amurka taimaka wa duk rundunar da aka samu ƙwaƙƙwarar shaida cewa ta ci zarafin mutane, har sai an hukunta masu laifin. A Yulin 2015 Shugaba Buhari ya tsaya a Washinton ya ce yadda ake aiki da dokar ya taimaka wa Boko Haram. Leahy ya mayar da martani cewa gyaran yana hannun Buhari, ya hukunta waɗanda suka yi ɓarna cikin sojojinsa.

Kuɗi a akwati

Da aka rufe ƙofar gaba, sai aka nufi ta baya. Ranar 5 ga Satumba 2014 wani ƙaramin jirgin haya daga Abuja ya sauka a filin Lanseria kusa da Johannesburg, da 'yan Najeriya biyu da ɗan Isra'ila ɗaya, da tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 cikin akwatuna. Jami'an Afirka ta Kudu suka riƙe kuɗin. Gwamnatin Najeriya ta ce nata ne, makamai za a sayo. Amma a can akwai kwamitin ministoci da ke kula da cinikin makamai, kuma dillalin da ba ya cikin rajistarsa cinikinsa haramun ne. Bayan makonni aka sake riƙe wasu dala miliyan 5.7. Miliyan 15 ke nan suka maƙale a wata ƙasa, a daidai makonnin da garuruwan arewacin Adamawa ke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da kuɗi suka kasa shigowa da shi a akwati, mutane sun shigo da shi a jikinsu. A farkon 2015 tsofaffin sojojin Afirka ta Kudu ƙarƙashin Eeben Barlow suka zo suna horar da wata runduna, alhali dokar ƙasarsu ta hana aikin sojan haya. An ɗage zaɓe daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. An ƙwato Gwoza ranar 27 ga Maris, ana gobe zaɓe.

Sarkin Musulmi Bello ya riga su

Kada a ɗauka wannan tsari baƙon abu ne a ƙasarmu. A 1826 Bature Hugh Clapperton, wanda Hausawa suka sani da Abdullahi, ya dawo Sakkwato karo na biyu, ɗauke da wasiƙa da tsaraba zuwa ga Shehu al-Kanemi na Barno, cikin tsarabar har da makamai. Sai ya tarar Sakkwato da Barno suna yaƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe wasiƙar, ya tsare makaman, ya hana shi wucewa. Clapperton ya fusata ƙwarai, amma hujjar Bello ita ce wadda kowace gwamnati ke kafawa a yau: ba za a bi ta ƙasata a kai wa abokin gabana makami ba. A Sakkwato Clapperton ya mutu, ranar 13 ga Afrilu 1827.

Tun kafin nan, a ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Alooma na Barno ya kawo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi, limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta labarin. A Kano kuwa Sarki Babba Zaki ne, a ƙarni na 18, aka ce ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga.

Igwa biyu na Lamiɗo Zubairu

Wannan labarin ya fi kowanne taɓa ni, domin a nan Yola ya faru.

A Yulin 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan wata yarjejeniya a birnin Burasels na Beljiyam. Sun ce don hana cinikin bayi ne. A ciki suka ja layi biyu a taswirar Afirka, ɗaya ya ratsa Sahara, ɗaya can kudu, suka ce tsakanin layukan nan ba za a sayar wa baƙar fata bindigar zamani ba, sai tsohuwar bindiga mai ɗuri ta baki da albarushin kasuwa. Duk ƙasar Hausa da Barno da Adamawa suna cikin layin. Wannan yana cikin tsarin lasisin makamai na ƙasa da ƙasa na farko-farko a duniya, kuma a kanmu aka gwada shi. Shekaru goma sha uku bayan sa hannun, Kano da Sakkwato sun faɗi, mahaya dawaki da masu da takubba suna fuskantar bindiga mai aman harsashi ɗaruruwa a minti ɗaya.

Amma Turawan ba su riƙe wa juna amana ba. A farkon shekarun 1890 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Louis Mizon, ya hauro Binuwai yana neman ƙulla zumunci da sarakuna don ya sha gaban Ingilishi. Kamfanin Neja na Ingilishi ya yi ta ƙorafi cewa yana shigo da makamai. A ƙarshen 1892 Mizon ya ɗora igwansa a kan garin Kona ya taimaka wa Sarkin Muri ya ci garin, aka kwashi mutane bayi, a ƙarƙashin inuwar yarjejeniyar da aka ce ta hana bauta ce. A Yola kuma ya bar wa Lamiɗo Zubairu igwa biyu.

Igwan nan sun yi shekaru a ajiye. Ranar 2 ga Satumba 1901 Kanar Morland na Ingilishi ya iso Yola da jiragen ruwa, kogi ya cika. Lamiɗo ya ƙi miƙa wuya. A tare da shi akwai wasu 'yan bindiga da suka tsero daga rundunar Rabeh, wanda Faransawa suka kashe a Kusuri a 1900. Da sojojin Morland suka matso fada, aka sakar musu wuta da igwan Mizon daga kusa, aka yi musu ɓarna. Amma igwa biyu ba su tare rundunar da ta zo da nata igwan da bindigogi masu sarrafa kansu. Kafin faɗuwar rana an ci fada, Zubairu ya fice, aka naɗa Bobbo Ahmadu. Zubairu ya yi ta gwagwarmaya tsakanin Ingilishi da Jamusawa har aka kashe shi a 1903. Kayan aro ba ya rufe katara, kakanninmu sun gani da idonsu a ƙofar fada.

Harba-ka-ruga

Bindigar da yarjejeniyar 1890 ta bar mana tana nan har yau. Ka lura da maharbi yana ɗura ta: ya tsayar da ita a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da siririn ƙarfe, ya zuba 'yan ƙarafa, ya sake toshewa. Harbi ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, sai a koma ɗuri daga farko. Shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga. Turawa suna kiranta bindigar Denmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar da suka riƙa sayar da ita a gaɓar teku. A Nuwamban 2014 da irin wannan bindigar toka, da kwari da baka, maharba da 'yan banga suka shiga gaba tare da sojoji aka ƙwato Mubi. Ita ma tana da takardarta: dokar makamai ta 1959 ta ce lasisin bindigar toka yana hannun kwamishinan 'yan sanda, na bindigar farauta ta zamani yana hannun sufeto janar, makamin yaƙi kuwa sai shugaban ƙasa.

Rashin uwa

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Amurka ta ƙi sayar da makami ga kowane ɓangare. Birtaniya ta ba da bindigogi da motoci masu sulke, amma ta hana jiragen yaƙi. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: shugaban ƙasa Gowon ya juya ga Tarayyar Sobiyet, a Agustan shekarar jiragen MiG suka sauka a Kano, aka samo matuƙa daga Masar. Biyafara kuwa ta riƙa samun makaman Faransa ta Gabon da Kwaddebuwa.

Wani ɗan sarautar Swidin, Carl Gustaf von Rosen, ya gano ramin da ke cikin kowace dokar lasisi. Ƙaramin jirgin koyon tuƙi ba makami ba ne, ba ya buƙatar izinin fitar da makamai. Aka sayi guda biyar, aka kai su Gabon, aka ɗaura musu rokoki. A Mayun 1969 suka kai farmaki filayen jiragen Fatakwal, Benin da Enugu, suka lalata jiragen gwamnatin tarayya a ƙasa.

Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995, Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa gwamnatin Abacha takunkumin makamai, ba a ɗage ba sai 1999. Takunkumi ba sabon makami kaɗai yake hanawa ba, har kayan gyara, kuma jirgin da ya rasa ƙusa ɗaya a ƙasa yake kwana.

Filin jirgin Kano ya ga abubuwa. A Yunin 2009 aka tsare wani jirgin Yukren da makamai a cikinsa, zai wuce Ikwatoriyal Gini. A Disamban 2014 aka tsare wani jirgin dakon kaya na Rasha, gari ya ɗauka, ashe jirage masu saukar ungulu na sojojin Faransa ya ɗauko daga Bangui zuwa Njamena. Aka duba takardu aka sallame shi.

A tashar Apapa kuwa, a Oktoban 2010, aka buɗe kwantena 13 da takardunsu suka ce kayan gini ne, aka tarar da rokoki da gurneti da harsasai daga Iran, ƙasar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana fitar da makamai a 2007. An ce Gambiya za a wuce da su. Gambiya ta yanke hulɗa da Iran, a 2013 kuma kotu a Legas ta ɗaure wani ɗan Iran da abokin cinikinsa ɗan Najeriya shekara biyar-biyar. A 2017 kaɗai kwastan sun kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu. A Yulin 2024 suka nuna wasu 844 da harsasai 112,500 a tashar Onne, daga Turkiyya. Waɗanda aka kama ke nan.

Tucano

Jirgin da aka fi yi wa ɗoki a tarihin ƙasar nan mai farfela ne, kamar jiragen da. Super Tucano ƙirar kamfanin Embraer ne na Burazil, amma namu a jihar Fulorida aka haɗa su, da na'urorin Amurka a ciki, don haka sai da izinin Amurka. Amfaninsa shi ne yana iya daɗewa yana shawagi a hankali yana duba ƙasa, kuma bai kai jirgin jet cin kuɗi ba.

Gwamnatin Obama tana dab da amincewa sai ga ranar 17 ga Janairu 2017. Jirgin sojan saman Najeriya ya saki bama-bamai a kan sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a ƙaramar hukumar Kala-Balge, ana cikin rabon abinci. Fiye da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji. Rundunar ta ce kuskure ne. Mutanen Rann irin mutanen Malkohi ne sak, gudu ɗaya suka yi, tanti iri ɗaya suke kwana. Ina roƙon duk mai zagin masu riƙe takarda ya tuna da Rann kafin ya rufe bakinsa, kamar yadda nake roƙon masu riƙe takardar su tuna da hanyar Mubi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Aka dakatar da cinikin. Gwamnatin Trump ta farfaɗo da shi, a Agustan 2017 aka sanar da majalisar Amurka: jirage 12 da makamansu da horo, dala miliyan 593. A 2018 Buhari ya cire dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur ya biya, sannan ya rubuta wa majalisa yana neman amincewarta, har wasu sanatoci suka yi maganar tsige shi. Shida na farko sun sauka a Kano ranar 22 ga Yuli 2021. Jaririn da aka goyo daga Mubi a 2014 ya riga ya shiga firamare.

Ko da suka iso, takarda ba ta sake su ba. An sayar da su ne don yaƙi da 'yan ta'adda, ga kuma 'yan fashin daji suna cin karensu babu babbaka a Zamfara da Katsina. A Nuwamban 2021 babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, aka buga a jaridar gwamnati a Janairun 2022, ministan shari'a na lokacin Abubakar Malami kuma ya danganta matakin da buɗe hanyar amfani da jiragen. Abin lura, sunayen ƙungiyoyin da aka rubuta a hukuncin, cikin takardar Turanci, kalmomin Hausa ne da muke faɗa kullum: 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda.

Wani lokacin inji kaɗai ya isa ya kashe ciniki. A 2018 Turkiyya ta ƙulla yarjejeniyar sayar wa Fakistan jirage masu saukar ungulu 30 samfurin T-129, na dala biliyan 1.5. Injin jirgin na haɗin gwiwar kamfanonin Amurka da Birtaniya ne, Amurka ta ƙi ba da lasisi, cinikin ya tsaya cak. Najeriya ta sayi shida irinsu, suka fara isowa a 2023.

Cobra ɗin da aka hana mu a 2014 tana da jika, ana ce masa Viper. A 2021 sanatoci biyu, Bob Menendez da Jim Risch, suka riƙe cinikinsa saboda batun haƙƙin ɗan Adam. A Afrilun 2022 aka amince a sayar wa Najeriya guda 12 a kan dala miliyan 997.

Jirage marasa matuƙa kuwa ba a jira Amurka ba, Sin da Turkiyya suna sayarwa ba tare da dogon sharaɗi ba. Mutane da yawa ba su san Najeriya tana da masu ɗauke da makami ba sai a Janairun 2015, da wani ƙirar Sin ya faɗo a Barno hotunansa suka bazu. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85.

Inda ɗaki ke yoyo

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma namu yoyon ba daga waje kaɗai yake ba. A Disamban 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita fagen daga, su kuwa suka ce ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. Daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. Shekara guda bayan hukuncin aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai. Ya musanta, ya yi shekara huɗu a tsare duk da belin da kotuna suka ba shi, aka sake shi a Disamban 2019.

Babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Alex Badeh, ɗan Vimtim ne, kusa da Mubi, kuma garinsu yana cikin waɗanda aka mamaye a Oktoban 2014. Ranar bankwanarsa da aiki a Yulin 2015 ya faɗa da bakinsa cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da kayan aikin da take buƙata. Shi ma an gurfanar da shi kan zargin kuɗi, ya musanta, aka harbe shi a hanyar Keffi a Disamban 2018 kafin a yanke hukunci.

Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya ce makaman 'yan sanda 178,459 ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Masu bin diddigin lambobin da ke jikin bindiga sun sha nuna cewa kaso mai yawa na makaman Boko Haram daga rumbunan gwamnatocin yankin suka fito, an ƙwace su ne a hare-haren barikoki. Wato bindigar da ta shigo da cikakkiyar takarda, da hatimi da sa hannu, ita ce wani lokacin ta kori mutum daga gidansa. A Nijar ma binciken da aka yi a 2020 kan kwangilolin ma'aikatar tsaro ya gano asarar sefa biliyan 76, a daidai lokacin da ake makokin sojoji 71 na Inates da 89 na Shinagodar.

Muna da masana'antar makamai a Kaduna tun 1964, DICON, wadda wani kamfanin Jamus ya taimaka aka kafa. Ta yi shekarun da aka fi saninta da kujeru da tebura. A 2019 ta fito da motar sulke mai jure nakiya, aka sa mata suna Ezugwu, sunan janar ɗin da ya taɓa jagorantar runduna a Mubi. A 2023 aka sabunta dokarta.

A kan takarda Afirka ta Yamma tana gaba da yawancin duniya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta ce ko gwamnati ce za ta shigo da ƙananan makamai sai ta nemi takardar sahalewa daga ƙungiyar, sauran ƙasashe kuma su ji. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa, Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta amince da ita a hukumance, a Agustan 2013. Amurka, wadda ta fi kowa sayar da makamai, majalisarta ba ta taɓa amincewa da ita ba. Rasha ba ta shiga ba sam.

Buhun taki

A farkon Mayun 2015 aka kawo mata da yara 275 Malkohi daga dajin Sambisa, a bayan motocin a-kori-kura, bayan tafiyar kwanaki. Wasu yaran ba sa iya tsayuwa don yunwa. Wata huɗu bayan haka, ranar Juma'a 11 ga Satumba, bam ya tashi cikin wani tanti a sansanin, mutum bakwai suka mutu, kusan ashirin suka jikkata. Buhari ya ziyarci sansanin a Nuwamba, bayan 'yan kwanaki wani bam ɗin ya tashi a Jimeta, ya kashe fiye da mutum talatin.

Bama-baman nan ba su bi ta Apapa ba, ba wanda ya nema musu lasisi a Washinton. Haɗin gida ne, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ake haɗa irinsu da shi takin zamani ne. Shi ya sa takarda ta biyo mu har gona. A Najeriya ofishin mai ba da shawara kan tsaro ne ke ba da shaidar wanda zai yi amfani da kaya masu haɗari, kuma ba bindiga kaɗai ta shafa ba, har motar da harsashi ba ya huda ta, da jirgi maras matuƙi, da wasu sinadaran taki. An sha taƙaita jigilar takin yuriya zuwa arewa maso gabas, ya yi wuya, ya yi tsada. Mutanen Gwoza da ke Malkohi manoma ne tun kaka da kakanni, mutanen da suka saba gina gona hawa-hawa a jikin dutse. Yanzu hayar fili suke yi a gefen gari, damina ta faɗi, masara ta kai gwiwa ta fara yin ɗorawa, mai gona yana tsaye a gaban mai shago yana sayen taki da mudu.